Kujera ta Tara

Daren Lahadi na baro Muisne,
taɓo bai gama fita daga farcena ba.
Awa takwas mota tana hawan dutse,
kunne ya toshe, sanyi ya shiga ƙashi,
Kito ta tarbe ni da numfashi rabi-rabi.

Ni ce Nelida Angulo, mai kamun ƙaguwa.
Shekara talatin hannuna yana rami
har kafaɗa, ina lalube cikin duhu.
Yau an ba ni kujera ta tara
da kati mai sunana, ba kuskuren harafi.

Ga mutumin ma'aikata yana duban agogo,
ga farfesa masanin tsirrai,
ga wakiliyar masu kuɗin, gwanar murmushi,
ga Wilfrido lauyan ƙungiya, mai yawan tari.
Takarda arba'in da ɗaya a kan tebur,
kuɗin na shida ne, bakwai in an matse.

Suka ce: ke ce muryar jama'a.
Na ce: jama'a da yawa take,
ni kuwa bakina ɗaya.

Muka iso ta goma sha bakwai.
Daga Chimborazo take, rubutun hannu:
makiyaya na son kewaye idon ruwa
kafin kofato ya kashe shi.
Lissafinsu ya karkace,
dala ɗari uku ta ɓace tsakanin waya da turaku.
Farfesa ya ba ta maki biyu, ya ture gefe.

Na ɗaga hannu, wannan mai tabon cizo.
Na ce: wanda ya rubuta wannan
ya san watan da ruwan ke ja da baya,
ya san sunan ciyawar da ke riƙe shi,
tara lamba ce kawai ta kayar da shi.
Waccan mai shafi ashirin, sumul kamar ƙwai,
ɗan birni ne ya karɓi lada ya tsara ta,
takalminsa bai taɓa jiƙewa ba.
A tura musu akawu, kwana biyu ya isa.

Ɗaki ya yi tsit. Wilfrido ya yi tari.
Biyar da huɗu. Ta haye.

Bayan cin rana ta talatin da biyu ta fito,
tun daga bango na gane ta.
Tamu ce: dashen itatuwan bakin teku
inda masu kiwon jatan lande suka sare.
Jikata Yolima ta buga ta a shagon kwafi.
Ƙa'ida ta ce in fita.
Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa.
Na fita.

A baranda kujerar roba ce da gorar ruwa.
Na ƙirga tagogi, na ƙirga motoci,
na tuna Arcesio da kwale-kwalensa mai yoyo,
ya riga ya tara iri buhu goma a inuwa.
Minti ashirin.
Ban taɓa jiran janyewar teku haka ba.

Da aka kira ni, kowa na gyaran biro.
Biyar da uku. Ta faɗi.
Wai a ƙara bayani, a dawo baɗi.

Na zauna. Maƙogwaro ya bushe.
Saura tara ba a buɗe ba,
na mutanen da ban san fuskarsu ba,
su ma wata jika ce ta buga musu.
Na jawo ta talatin da uku.

Da asuba mota tana gangara,
kunne ya buɗe, ƙamshin gishiri ya shigo.
A mashaya Arcesio zai tsaya, hula a hannu:
"Me kujerar taki ta tsinana mana?"
Amsar ba ta nuna ba tukuna.
Can sama akwai idon ruwan da ban taɓa gani ba,
ban san ko hakan zai ishe shi ba.

Teku za ta janye ƙarfe goma.
Buhuna yana nan bayan ƙofa.