Albasar Sjoukje

Ran da muka dawo daga maƙabarta
na tarar da ita a bakin taga:
tukunyar yumɓu, da wani kai kamar albasa
ya leƙo daga cikin ƙasa,
furanninta huɗu sun yi laushi kamar tsumman goge tebur.
Na ce, ashe ke ma kin bi ta.

Hiltje maƙwabciya ta tare ni a bakin kwandon shara.
Douwe, ba ta mutu ba, in ji ta.
Amarilis ce. Kuma kada ka kuskura ka yanka ta a miya, dafi gare ta.

Takardar kuwa cikin gwangwanin shayi na same ta,
rubutun Sjoukje, a karkace
kamar ciyawar da iskar tekun Harlingen ta kwantar:
Yanke karan, ka bar ganyen,
ganye ne ke cika mata rumbu.
In sanyi ya wuce, kai ta lambu ta sha rana.
Satumba na kamawa, ka hana ta ruwa.
Kai ta ɗakin ƙasa, cikin duhu, mako goma.
Kada ka leƙa.

Komai na yi, ban da wannan.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran injin jirgin fito,
abin da na sani, in ƙarfe ya yi shiru mai ake ɗura masa.
Kuma ni ne na zauna a asibiti
ina jiƙa mata leɓe da auduga
har daren da ta daina haɗiya.
Yanzu a ce in hana mai rai ruwa?

Sai in sauka da dare kamar ɓarawo a gidana,
in wuce buhun dankali da kekenta mai sassaɓen taya,
in tsiyaya rabin kofi.

Hunturu ya zo, ta ba ni ganye,
dogaye, kore shar, har guda shida.
Fure ko ɗaya babu.
Hiltje ta duba tukunyar, ta dube ni.
Ka shayar da ita, ko?
An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba;
wannan halina ta yi,
ta ƙi barci, ta ƙi fure.

Satumba ta sake zagayowa.
Na kife butar. Na zuba ido ganye na komawa ruwan ɗorawa
ɗaya bayan ɗaya, ina jin abin a haƙarƙarina.
Na sauke ta, na kulle,
na kai wa Hiltje mabuɗin na ce ko na roƙe ki kada ki ba ni.
Sau biyu na roƙa.

Barci ƙanin mutuwa ne, na sani,
amma ban taɓa lura ba
cewa ƙanin yakan maido abin da aka ba shi ajiya.

Ƙarshen Nuwamba na fito da ita, fatarta a bushe tana ɓarewa.
Sabuwar ƙasa, tukunya matsattsiya,
kafaɗunta a waje kamar yadda takarda ta ce.
Ruwa kaɗan. Ɗumi. Jira.
Kwana goma sha tara ba labari,
sai ga wani koren harshe mai kauri,
wanda ba ganye ba.

Kullum da safe nakan juya tukunyar
don karan na karkata wajen haske,
kamar mai ita in ta ji ana hira a titi.

Yau ga dusar ƙanƙara a kan jiragen da ke tashar,
ga jan fure biyu sun buɗe baki, biyu na tafe.
Na juya takardar don in ɗora kofi,
sai na ga layin da ban taɓa gani ba:
Na san za ka shayar da ita shekarar farko.
Ba komai. Tana da haƙuri.