Hannun Tabawa

A asibitin Madani sau uku suka ɗebi jinina,
suka haska ƙashi, suka ce lafiya lau.
Na ƙulle takardar a bakin zane
na hau motar Maiwurno,
duk ramin da taya ta faɗa, a bayana yake sauka.

Ciwon nan ba shi da mazauni.
Jiya a kafaɗa ya kwana, yau ya sauko ƙugu,
mayafi ma kaya ne.
Barci kan leƙo ya wuce, ko zama bai yi ba.
Maƙwabciya ta ce son jiki ne.
Na zuba mata gahawa, na yi shiru.

Ran Talata bayan la'asar Tabawa kan zo
da man riɗi a kwalba, ta ɗumama shi a rana.
Ba ta murza ni kamar mai wanki.
Tafin hannu take ɗorawa, ta jira
har tsoka ta daina gardama.
"Nan ne?"
"Ƙasa kaɗan."
Ita kaɗai ke tambayar inda yake
ta kuma yarda da amsar.

Ba ta taɓa cewa zan warke ba.
Cewa take, gobe ki taka zuwa bakin Nilu,
in kin gaji ki zauna, kogin ba ya ƙorafi.

Daren nan ban ji kiran assalatu ba.
Da hantsi na zaunar da Kubura tsakanin gwiwoyina,
na yi mata kitso layi huɗu
kafin yatsuna su tuna.