Faci a Tsohon Reshe

Sha ɗaya na dare a Barnawa,
an ɗauke wuta tun magariba.
Janaretan maƙwabci na ta tari,
ni da kwamfuta, da shayin da ya huce.

Kyauta ce ta kira da yamma daga Kachia:
"Abin naku ya sake yi.
Jaririn da aka haifa talatin da ɗaya ga wata,
ya ba shi ranar rigakafin da babu ita a kalanda.
Uwar ta zo a kan babur, ta koma."

Na san wannan ɓarakar.
Wata huɗu ke nan da aka ɗinke ta
can a babban reshe, inda sabo ke tsirowa kullum.
Amma asibitin Kyauta na kan tsohon reshe,
wanda aka ce kowa ya bar shi tsaye,
don kwamfutarsu ta girmi ɗan autana,
in ka ɗora mata sabon kaya sai ta durƙusa.

Sai na tsinko gyaran, shi kaɗai, na kai shi baya.
Ya ƙi zama.
Layin da yake nema an sauya masa suna,
ƙofar da ya sani ba a gina ta ba tukuna.
Baƙo ne ya zo unguwa da kwatancen shekara mai zuwa.

Babana mai faci ne a Kakuri,
gefen masaƙar da ta daina numfashi.
Yakan tsoma tiyub a rabin duro,
ya juya shi sannu, ya sa ido,
sai inda kumfa ta tashi yake sa alli.
"Ki yanka daidai huda," in ji shi,
"wanda ya wuce haka, ƙaiƙayin hannu ne."

Ni kuwa hannuna ya yi ƙaiƙayi.
Ina ciki na ga wani maɓalli a karkace, na miƙe shi,
na ga kalmar da ba ta yi mini ba, na sauya,
na haɗa duka na miƙa wa Safiyanu,
mai gadin tsohon reshe,
wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba
ko da yake a Kawo yake, gada ɗaya ce tsakaninmu da wasu 'yan titina.

Amsarsa ta zo kafin sha biyu:
"Wanne ne ciwon, wanne ne kwalliyar?
Asibiti nawa ke jingine da wannan bango, kin ƙirga?
Cire ado. Nuna mini asalinsa a babban reshe.
Faɗi wa ya ji zafi."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Na tashi na sha ruwa, na kashe sauro biyu.
Sannan na dawo na kankare,
layi arba'in ya koma tara.
Na rubuta: uwa ɗaya, babur ɗaya, tafiya ta banza.
Na tsoma shi a gwaji,
na juya shi ta Fabrairu, ta Afrilu, ta shekara mai tsalle,
ina jiran kumfa.
Shiru.

Da asuba, ladan na kira daga bayan layi,
saƙo ya shigo: "An karɓa. Zai fita Talata."
Ko sannu babu.

Ranar Talata Kyauta za ta kunna kwamfuta,
ta ga komai yadda ta bar shi,
maɓallin nan ma yana nan a karkace.
Ba za ta kira ni ba.
Direbobin babana ma ba sa dawowa godiya,
sai dai ya bi ƙurar motar da kallo
har ta sha kwanar Kakuri,
ya goge hannu a wando,
ya ce, "Ta riƙe."