Tukunyar Da Ba Ta Kamu

Shekara arba'in ina walda a tashar jiragen ruwa ta Busan.
Ƙarfe ya san hannuna, ni ma na san halinsa,
amma ko ƙwai ban taɓa dafawa ba.
Sun-deok ce mai wuta a gidanmu.
Da ta tafi, murhun gas ya riƙa yi mini kallon baƙo.
Sau biyu ina mantawa da shi a kunne,
sai da maƙwabciya ta daki ƙofa da takalminta.

Hyo-rim, autarmu, ta ce, "Baba, tashi mu je kasuwa."

Tukwanen lantarki jere kamar kwale-kwale a bakin gaɓa.
Hannuna ya nufi wata ja, mai ƙyalli, mai araha.
Ta ce, "Ɗaga ta ka ji. Shafal, ko?
Gindi marar nauyi tsakiya yake ƙonawa, ya bar gefe ɗanye."
Ta kifa wata, ta nemi tambarin hukuma,
ta bi wayar da yatsa har zuwa kai,
ta tambayi yaron shago,
"In ruwa ya ƙone, tana kashe kanta?"
Ya ce e.
Ta ce, "Nuna mini a takarda."
'Yar uwarta ke nan.
Murfin gilashi, mariƙi biyu da ba sa ɗaukar zafi,
girman da zai ishi mutum ɗaya.
Nan ta ɗan yi shiru.
"Ko biyu," in ji ta, "ran Lahadi."

Daren farko na yi mata abin da na saba yi wa ƙarfe:
na sa cokalin ƙarfe na kankare gindi.
Layi guda, siriri, fari fat a kan baƙin santsi.
Ni da na san abin da ƙarzuwa ɗaya ke yi wa fentin jirgi!

Lahadi ta zo, ta gani, ba ta ce uffan ba.
Ta ja durowar da na daina buɗewa,
ta fito da ludayin katako na uwarta,
gefe guda ya cinye, daidai yadda take juya miya.
Ta sa mini a hannu.

Yanzu na koya, da tsufana.
Ba na kunna ta wayam;
mai ko ruwa ya fara shiga, sannan wuta.
Ina goge hannu a wando kafin in taɓa filogi.
Ita da hita ba sa cin soket ɗaya,
ko da dusar ƙanƙara na zuba a kan rufin kasuwar kifi.
Ina ɗan buɗe taga.
In na gama, in zare waya, in bar ta ta huce,
don mai zafi ba a watsa masa ruwan sanyi,
tukunya ne ko mutum.
Soso mai laushi. Gindinta kuwa ba ya ganin ruwa.
Ran da baƙin ya fara ɓarewa, in ji Hyo-rim,
ranar za mu yi sallama da ita, ba ciniki.

Jiya ranar haihuwarta ce.
Na jiƙa ganyen teku tun asuba,
na soya nama da man riɗi a ƙaramar wuta,
ludayin na bin hanyar da ya sani, ni ina bin sa.
Ta kurɓa, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa.
Ta ƙara kwano na biyu.

Da ta tafi na wanke tukunyar.
Shafa ɗaya, tas, kamar ba a yi komai ba.
Ita ba abin da ke kama ta.
Ni ne na tsaya a gaban famfo,
ƙanshin man riɗi ya kama ni har gindin zuciya,
kuma ba ni da niyyar kankarewa.