Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Da asuba, a bakin tafkin Villarrica,
wata yarinya ta kama dantsena
ta rubuta ɗari huɗu da sha bakwai da baƙar tawada.
Sai na tuna alamun da likitocin Temuco
suka zana a ƙirjin ƙanwata Rayén
don hasken inji ya san inda zai ƙona.
Nata ba su goge ba har muka mayar da ƙasa.
Tawa, an ce, sabulu zai wanke ta gobe.

Dutse na can sama yana busa hayaƙinsa,
tsohon da ya ga jiya, ya ga yau, bai ce uffan ba.
Yashin baƙi ne, sanyinsa na cizon tafin ƙafa.
Ni ne Nibaldo, bakanike, hamsin da uku,
wanda bai koyi iyo ba sai bara.

Aka busa ƙaho, muka afka.
Ruwa ba sa'an kwando ba ne,
ni kuwa kwando ne mai gemu.
Wani ya shure ni a haɓa, na sha tafki har sau uku,
na ɗago ina neman jan balan-balan da za a kewaya,
ban ga komai ba sai hannuwa da kumfa.
Ƙirga numfashi, in ji ta,
haka nake yi idan ruwan magani ya fara shiga jijiya.
Na ƙirga. Ɗaya. Biyu.
Gaɓa ta zo da kanta.

Keken aro ne, na surukin maƙwabcina.
A aljihun baya akwai takarda cikin leda:
Ercilia mai cuku, peso ɗari biyu kowace kilomita;
yaran gareji, dubu goma, in ban nutse ba;
wani direban babbar mota da bai faɗi sunansa ba;
malamar firamare da ta tara tsabar ɗalibanta a gwangwanin madara.
Mota muke so mu saya, ba wani abin a zo a gani ba,
mai kujera tara da na'urar ɗumama ciki,
ta riƙa ɗauko masu ciwon daji daga ƙauyukan kan tudu
kafin su tsaya awa biyu a ruwan sama suna jiran bas,
kamar yadda ta tsaya, da bokitin amai a cinya.

A hawan Curarrehue sarƙa ta zame.
Na yi dariya ni kaɗai a gefen titi:
yau dai an zo gidana.
Baƙin mai ya shiga farcena, hannuna ya dawo nawa.

Gudu kuwa, kada a tambaye ni.
Ƙafafu biyu sun zama itacen da aka jiƙa.
Masu ƙarfi sun gama tuni, suna cin kankana da lambar yabo a wuya,
ni ina ja da tudu kamar mai tura motar da ta mutu.
Wata mata ta miƙo kofin ruwa, ɗankwali ya rufe kan da babu gashi.
Ba ta tafa ba. Cewa ta yi, ɗaga kanka, malam.
Na ɗaga.

Sanda na iso, ana kwance tutoci,
mai lasifika yana naɗe wayarsa.
Ɗan Rayén, Lautaro, yana zaune a kan shinge
da rigar sanyin uwarsa, wadda ta yi masa yawa.
Kawu, ya ce, kai ne na biyun ƙarshe.
Na ce wane ne na ƙarshe, mu jira shi.

Muka jira.
Kuɗin sun kai taya huɗu da rabin inji.
Sauran rabin, ni na san inda ake samun na hannu.
Daren nan ban taɓa sabulu ba.