Shaida ta Arba'in da Ɗaya

A Hague lamba suka sa mini,
suka ja labule kada a gane ni,
ni Fikreta, da duk bakin kogin Drina
an san launin ɗankwalina.

Alƙali ya tambaya
da ƙarfe nawa motar ta zo.
Na ce ina kwashe burodi daga tanda.
Tafinta ya yi shiru,
yana laluben agogo cikin maganata.

Shekara sha ɗaya ana tafiyar hawainiya.
Hukunci ya fito, shafi ɗari bakwai,
ya fi nauyin abin da aka ba ni na Sejad:
ƙashin hannu da maɓalli biyu.

An ɗaure mai ba da umarni.
Direban yana nan kasuwar Laraba
yana sayar da zuma,
har ragi yake mini.

'Yata ta ce dokar da ba ta da ɗan sanda
kare ce ba haƙori.
Ban musa ba.
Amma a shafi na ɗari uku da tara
an rubuta sunansa daidai,
an ce kashe shi aka yi.
Nan nake ɗora yatsa
ranar da maƙwabta suka ce ba a yi ba.