Abin da Almakashi Ya Bari

Mu biyar ƙuri'a ta haɗa,
ba mu zaɓi juna ba:
ni, da Tasi'u mai gyangyaɗi a aji,
Murjanatu da ba ta yafe minti guda,
Nkiru 'yar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa gishiri,
sai Mudassir, wanda muka fi sani a waya.

Dokta ta ce, "Ku nemo sana'ar da ke ɓata gari,
ku nuna mata riba a cikin gyara."
Muka rubuta, muka ja layi a ƙasa.
Ba wanda ya san ta ina.

Ruwan Agusta ne ya nuna mana.
Ya sauko a Fagge da la'asar,
kwata ta ƙoshi, ta amayo abin da aka ba ta:
shadda, atamfa, leshi, yadin makaranta,
guntu-guntu, kamar an yi biki an watse,
suna iyo har bakin titi.
Tasi'u ya naɗe ƙafar wando ya ce,
"Ga aikin namu can yana wucewa."

Layin teloli, shago talatin da ɗaya.
Muka ari sikelin mai kaji,
duk Asabar mu auna abin da almakashi ya bari.
Kilo goma sha tara a mako.
Na tura hannu a buhu, allura ta gaishe ni.

Ranar da muka tsaya gaban Malam Sabi'u, shugaban layin,
na zazzage abin da na haddace:
ɗumamar yanayi, haƙƙin jikoki, makomar ƙasa.
Bai ɗaga ƙafa daga keke ba.
"Yaro, nawa ne a ciki?"
Na dubi takarda, takarda ta dube ni.

A adaidaita muka yi ta.
Murjanatu ta ce ni na zubar mana da mutunci,
na ce ai ita ta rubuta jawabin.
Mudassir ya turo saƙo: "Ya aka ƙare?"
Kwana huɗu ba mai kiran wani.

Nkiru ce ta zo da lissafi a bayan ambulan:
abin da suke ba mai kura ya kwashe,
abin da mai filo a Kurna zai biya kan buhu,
kuɗin yasar kwata duk damina.
Muka koma.
Wannan karon na kama bakina,
darasin da ya fi ba ni wuya a shekara huɗu.
Keke ya tsaya.
Malam Sabi'u ya ce, "Maimaita na tsakiyan."

Shago bakwai kaɗai suka yarda.
Manyan ƙyallaye su zama jaka, a huta da leda,
ƙananan su tafi cikin filo.
Ranar ɗaukar kayan farko Mudassir ya iso da aron mota,
fulawa a gira, ido jajir.
Ashe a gidan burodi yake kwana.
Murjanatu ta buɗe jaka ta miƙa masa ruwa,
ba ta duba agogo ba.

Dokta ta ba mu sittin da huɗu,
ta ce madogara ba ta cika ba.

Yau ina cike takardar neman aiki.
Akwai gurbi: "Ka taɓa aiki da jama'a?"
Layi ɗaya suka bari, bai kai ɗan yatsa ba.
Ina zan sa Malam Sabi'u?
Ina zan sa kwana huɗun nan?

Takardar na cikin jakar da muka ɗinka,
hannunta leshin auren wata,
gindinta wandon wani ɗan firamare.
Jiya na bi ta Fagge bayan ruwa.
Kwata ta cika, kamar kullum,
sai dai launinta ya ragu.